Da Sauƙin da Na Fassara

Kafin in zama abin da na zama, ni ne yaron da ake yi wa yaran unguwa gori da shi. A Kurna aka haife ni, cikin Kano. Mahaifina tela ne, ya rasu ina aji uku na sakandare, ya bar ni da Inna da yayata Hajara da keken ɗinki guda. In uwa ta kama ɗanta yana gararamba sai ta ja kunnensa ta ce, “Ba ka ganin ɗan gidan Tela?” Wallahi har na kai shekara talatin ban taɓa ɗaukar ko maɓallin rigar wani ba. Na yi digiri, na ƙara na biyu, na fara koyarwa a wata kwaleji, daga nan gwamnati ta ɗauki nauyina in je Malesiya in yo na uku. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'yan uwa da ba su yi wa kowa komai ba. Amma ku ƙannena, musamman masu rawar jikin fita waje karatu, ku ba ni aron kunnuwanku.

Jirgi ɗaya ya kawo mu Kuala Lumpur ni da Mansur. Garinmu ɗaya, shi digiri na biyu ya zo yi da kuɗin gonar da babansa ya sayar. Mutum ne mai sanyi, mai jinkirin ɗaukar magana, irin wanda sai an gama dariya zai tambayi me aka ce. Ni nake gyara masa Turancin rubutunsa a ɗakinmu na Setapak, hawa na goma sha huɗu, inda mu huɗu muke raba banɗaki ɗaya da tukunyar lantarki ɗaya. A raina na riga na gama jera mu tun a jirgi. Ni a gaba, Mansur a baya yana riƙe mini jaka.

Sai Allah ya juya abin. Mansur ya gama karatunsa da ƙyar da siɗin goshi, ya samu aikin yamma a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Can ya haɗu da Rohana, 'yar ƙasar, tana aiki a otal ɗin da ke kallon gidan abincin. Kafin in ankara an ɗaura aure. Ya ɗauki jakarsa ya koma Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke tsakiyar birni, gidan mahaifinta. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, da mangwaro a ƙofarsa, manyan benayen gilashi sun kewaye shi suna leƙensa ta ko'ina. Na ci shinkafar biki, na yi masa addu'a da baki. Abin da ke cikina kuwa Allah kaɗai ya sani.

A shekarar ce Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yaya Hajara ta rufe shagon ɗinkinta ta dawo gida tana jinyarta. Ni kuma kuɗin karatunmu sukan makara, sai ka ga mutum da gemunsa yana cin taliyar leda safe da yamma.

Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin unguwarsu, Mansur ya ja ni gida cin abinci. Ranar na fara ganin surukinsa da kyau. Pak Din ake ce masa, kamar a ce Baba Din. Irin ciwon Inna ne ya kwantar da shi, shekara uku bai taka ƙasa ba, harshensa ma ya karye, kalma ɗaya biyu yake iya fitarwa. An ajiye gadonsa a bakin taga inda yake ganin mangwaron. Mansur ya ce mini a gidan aka haifi tsohon, an sha zuwa da kuɗi masu yawa a saya ya ƙi. Tun bakinsa na aiki ya sa Rohana ta yi masa alkawari ba za a fitar da shi daga gidan ba sai in maƙabarta za a kai shi.

Ina zaune sai ga Mansur da roba da ruwan ɗumi da tawul. Ya ja labule, ya shiga goge wa tsohon jiki, ya canza masa abin da ake canza wa marar lafiya. Na ji kunya ta kama ni a madadinsa.

Da ya fito na ce, “Haba Mansur! Surukinka ne fa. A garinmu ko hanya ba za ka haɗa da shi ba, kai ga ka kana tuɓe shi.”

Ya yi murmushi ya ce, “Kunyar suruki na bar ta a Kano, mutumina. Ɗansa namiji yana wani gari, Rohana ba ta iya ɗaga shi. In na tsaya kunya, wa zai yi?” Sai ya ce, “Tsaya ka ji wani abu.” Ya leƙa ya ɗaga murya. “Baba, ya jiki?”

Tsohon ya juyo da kai a hankali, rabin fuskarsa mai rai ya yi dariya, ya ce, “Da sooki.”

Mansur ya fashe da dariya har da tafa hannu. Wai shi ya koya masa, kullum da safe da haka suke buɗe rana. Tsohon da ya kasa kiran sunan 'yarsa daidai, ga shi yana amsa gaisuwar Hausa. Rohana ta ajiye mana shinkafa da kifi ta ce, “Makan lah,” wato mu ci. Na sa hannu.

A kan cin abincin ne Mansur ya gaya mini abin da ya ƙarasa ni. Gwamnatin ƙasar tana da wani tsari. In mutum yana da marar lafiya wanda ya kwanta ba ya tashi, kuma iyalin ba masu hali ba ne, to duk wata ana ba wanda ke jinyarsa a gida wasu 'yan kuɗi. Likita ya rubuta takarda, jami'ai su zo su gani da idonsu, sai a fara biya. Rohana ta ajiye aikin otal, da sunanta ake biya. Ya ce kuɗin ba wasu masu yawa ba ne, madara da ƙunzugun manya da man shafawa suke cinye su. Amma su ne suka cike giɓin, in aka haɗa da albashinsa da ɗan abin da take soyawa tana sayarwa a ƙofar gida. “In babu su,” in ji shi, “dole ta koma aiki, Baba kuma sai gidan tsofaffi.”

Ban ji ƙarshen maganar da kunnen tausayi ba. Abin da na ji shi ne ana biyan gidan Mansur don su kula da ubansu. Ana biyansu! Yaya Hajara tana can Kurna tana ɗaga Inna tana kwantarwa, ko sisi babu mai ba ta. Ni da nake gyara masa Turanci ina hawa na goma sha huɗu da taliyar leda, shi ga mata, ga gida, ga inuwar mangwaro, ga tsoho yana yi masa dariya, ga gwamnati tana sa masa albarka duk wata. A jirgin ƙasa na komawa Setapak na yi ta maimaita wa kaina cewa tausayin Yaya Hajara nake ji. Ƙarya ne. Da tausayinta ne da na kira ta a ranar. Hassada ce tsagwaronta.

Da ƙaramin abu na fara. Akwai wani kedai a Setapak, kantin sari, da ƙunzugu da madara suka fi araha. Mansur ya riƙa ba ni kuɗi ina sayo musu ina kawowa ranar Juma'a. Karon farko canji kawai na riƙe, na ce ladan ɗauko kaya ne. Karo na biyu na ce kaya sun tashi. Daga baya na koma sayen ƙunzugu marar kyau ina zubawa a ledar mai kyau. Jikin tsohon ya yi ja ya fara saɓulewa, Mansur ya yi ta zargin zafin gari, yana shafa masa mai yana ce masa sannu. Ina tsaye ina kallo, har da taya shi cewa zafin bana ya yi yawa.

Sai wata rana ya ba ni takardar da gwamnati ta ba Rohana ta amincewa da biyan, ya ce in yi masa kwafi a kusa da makarantarmu, lokacin sabuntawa ya zo. Kwafi biyu ya ce. Na yi uku.

Bayan sati biyu aka yi suna a gidan wani ɗan uwanmu ɗalibi. Na zauna kusa da Dakta Bashir, malami ne a wata jami'a a can, dattijo mai kirki. Yana da 'ya, Ilham, shekararta tara, tun haihuwa ba ta zama ba ta tsayuwa. Ya ce matarsa ta manta rabonta da barci mai kyau, ga kuɗin magani ya sha kansu. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

“Dakta, ai gwamnatin nan tana biyan masu jinya a gida. Ba ku nema ba?”

Ya ce ya ji an ce na 'yan ƙasa ne kawai. Gaskiyarsa, ni ma na sani sarai. Amma na rage murya na ce, “Akwai hanya. Matar Mansur tana da mutum a ciki. Sai dai shi ba ya son a yi masa maganar kai tsaye, ka san zaman surukai. Ta hannuna ake bi.”

Kun ji yadda na jefa sunansa. Ba dole a kaina, zan iya ƙirƙiro wani Bamalaye da babu shi a duniya. Amma daɗi na ji da na ɗora ƙazantar a kan sunan Mansur.

Na ɗauko kwafi na ukun nan, na zauna a kwamfuta na goge sunan Rohana na sa na matar Dakta, wadda kowa ke kira Maman Ilham. Lambar fayil da ke saman takardar ban taɓa ta ba, don ita ce ke sa takardar ta yi kama da gaske. Na karɓi kuɗin fom, na karɓi kuɗin likita, na karɓi na shayin oga. Maman Ilham ta gaya wa wata, watan ta gaya wa wata. Kafin wata uku gidajen 'yan uwanmu bakwai sun shiga hannuna, wannan da uwar miji da aka kawo asibiti, wancan da yaro mai lalura. Duk sati ina kiran Maman Ilham a waya da muryar mutumin kirki. “Ya jikin Ilham? A ƙara haƙuri, fayil ɗin yana teburin ƙarshe.”

Wata rana ta aiko mini da tuwo da miyar kuka a kula, abin da na yi wata shida ban sa a bakina ba. Na kira in yi godiya sai ta ce, “Ƙanina, ni ce da godiya. Allah ya kula da mahaifiyarka yadda ka kula da mu.” Na ce amin. Wallahi na ce amin, na kuma cinye tuwon tas.

Kuɗin fa? Kuna tsammani Kurna na aika? Bukit Bintang na nufa, na sayi waya da takalmi da agogo, na tsaya gaban manyan kantuna ina ɗaukar hoto, burina Mansur ya gani. In na kira gida Yaya Hajara takan kara wa Inna wayar a kunne. “Inna, ya jiki?” Sai ta ce, “Da sauƙi.” In ce alhamdulillahi, in kashe waya, in ce wa kaina ai ga shi da bakinta ta ce da sauƙi.

Asirin ya fara tonuwa a masallaci. Dakta Bashir ya kasa daurewa, ya kama hannun Mansur yana godiya, yana tambayar yaushe kuɗin za su fara shigowa. Da la'asar Mansur ya kira ni wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu shayi da gurasa, ya sayo mana shayi. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Ya ce, “Na ga takardar. Lambar Rohana ce a jiki. Ka san abin da zai faru da Baba in wannan ta isa ofis?”

Na kai kofin shayin baki.

Ya ce, “Ban gaya wa kowa ba, ko Rohana. Ka je ka same su gida gida ka faɗa musu gaskiya, ka karɓo takardun mu ƙona. Abin da ka kashe, zan taya ka da abin da zan iya daga albashina. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. Na san halin da kake ciki, ga ciwon Inna.”

Ku ji ikon Allah. Mutum ya miƙo mini hannu, ni kuwa ji na yi kamar ya watsa mini shayin a fuska. Wai Mansur ne zai rufa mini asiri! Mansur da bai san inda ake sa waƙafi ba, shi ne yau yake ba ni wa'adi, har yana tausaya mini. Duk abin da yake da shi bai ishe shi ba, sai ya haɗa da zama mutumin kirki a kaina. Na ce masa na gode, na yi fuskar tuba. Ya biya kuɗin shayin, har ya sa aka yi mini tapau, aka ƙunsa mini gurasa in tafi da ita ɗaki.

Ranar Juma'a na je gidan kamar kullum. Mansur ya tayar da tsohon zaune, ya tokare shi da matasai ta baya da gefe, ya fita ɗebo ruwa. Rohana tana kicin. Na fito da sabuwar wayata, na kunna ɗaukar bidiyo, na saita ta yadda matasan ba za su fito ba, na matsa kusa.

“Baba, ya jiki?”

Ya dube ni, ya gane gaisuwar, rabin fuskarsa ya yi haske. Har ya ɗaga hannunsa mai lafiya. “Da sooki.”

Ƙannena, babu Bahaushen da bai san mene ne “da sauƙi” ba. Wanda ya yi tuntuɓe yana faɗinta, wanda ake jiran fitar ransa ma yana faɗinta. Ladabi ne ga Allah da kwantar da hankalin mai dubiya, ba rahoton likita ba. Na san wannan tun ina goye. Amma na sayi sabon layi, na rubuta wa ofishin da ke biyan kuɗin saƙo da Turancina mai kyau, ba suna. Na ce tsohon nan ya warke, ga shi zaune, ga shi da bakinsa yana cewa da yaren surukinsa, “Na sami lafiya.” Na ce surukin, wani baƙo ɗan Afirka, yana sayar wa 'yan ƙasarsu takardun bogi da lambar matarsa. Na haɗa da bidiyon da hoton takardar Maman Ilham. Lissafina shi ne in aka fara kama Mansur, duk abin da zai faɗa a kaina zai zama kame-kamen mai laifi.

Jami'ai suka je gidan. Ƙaryar warkewa ba ta yi minti biyar ba, suna ɗaga zanen suka ga ƙafafun da suka bushe. Amma takardar bogi gaskiya ce, kuma lambar Rohana ce a kanta. Aikinsu suka yi, suka dakatar da biyan sai an gama bincike, suka miƙa maganar ga 'yan sanda. Aka tafi da Mansur, ya yi kwanaki a tsare, aikinsa na gidan abinci ya tafi. Yayan Rohana ya zo daga garin da yake, ransa a ɓace, ya rantse baƙon nan ba zai sake taɓa ubansa ba. Babu kuɗin jinya, babu albashin Mansur, babu mai ɗaga tsoho. Rohana ta koma otal tana kuka. Aka sauko da Pak Din daga matakalar gidan da aka haife shi, aka kai shi wani gidan tsofaffi a bayan gari.

Da labarin ya iso ni a Setapak, me kuke tsammani na ji? Zan faɗa don ku san irin ciwon. Sanyi na ji a ƙirjina. Na ce yau dai mun zama ɗaya ni da shi.

Sanyin bai yi sati biyu ba. Mansur ya faɗi sunana tun ranar farko, na musanta, na ce ni ɗan aike ne kawai, shi yake ba ni takardun. Sai 'yan sanda suka tara waɗanda aka cuta, suka kunna musu bidiyon nan, suna son wani mai jin yaren ya tabbatar musu da abin da tsohon ya ce. Dakta Bashir ya yi musu bayani cewa kalmar ba ta nufin warkewa. Maman Ilham kuwa ba amsar ta saurara ba, tambayar ta saurara. Ta ce a sake kunnawa. Aka sake. Ta ce, “Wannan mai cewa ya jiki ba Mansur ba ne. Wata uku muryar nan tana tambayata ya jikin Ilham.”

Na yanke matasai daga hoton, na canza layi, na goge komai, amma na manta da muryata. Da rana tsaka 'yan sanda suka zo, ina wanke kwano. Suka sami sauran takardun a kwamfutata da layin a cikin aljihun jaka. A kotu ban wahalar da kowa ba, na amsa laifina. Aka yanke mini shekara biyu da wasu watanni, makaranta ta kore ni, gwamnatin da ta turo ni ta janye hannunta.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Wuri ne da ake kiran mutum da lamba, ake aske masa kai, yake tsuguno a layi ana ƙirga shi kamar akuya. Abin da ya fi duk wannan shi ne ranar da aka ce ina da baƙo. Wata na biyar ke nan babu wanda ya zo. Na fito na ga Mansur a bayan gilashi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ɗauki wayar da ake magana da ita.

Ya ce, “Baba ya rasu.”

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya ce an wanke su shi da Rohana, takardar dawo da biyan ma ta fito. Yayanta ya ba shi haƙuri. Sun gyara gadon, sun sa ranar Asabar za su je su ɗauko shi. Ranar Alhamis da safe aka kira su. Wata huɗu ya yi a can, a ɗaki mai gado shida, tagarsa tana kallon bango. Duk tsawon lokacin an hana Mansur zuwa.

Sannan ya ce, “Da muka je ɗaukar gawar, wata ma'aikaciya ta tare ni. Ta ce kullum da safe in ta ja labule, sai ya juyo da kai wajen ƙofa ya ce wata kalma, da sooki, da sooki. Babu wanda ya tambaye shi komai, shi kaɗai yake faɗi. Ta ce ba Malayanci ba ne, ko na san ma'anarta?” Ya dube ni ta cikin gilashin. “Na kasa ba ta amsa. Kai ne gwanin fassara. Me zan ce mata?”

Ya ajiye wayar ya tafi, ban sake ganinsa ba har yau.

Da wa'adina ya cika aka wuce da ni sansanin masu jiran kora, daga can aka sa ni a jirgi. Na sauka Kano da leda ɗaya, ba digiri, ba aiki. Na shiga gidanmu da rana, kaina a ƙasa. Yaya Hajara tana bakin famfo tana wanke zannuwa. Ta tsufa, hannuwanta duk sun farfashe da sabulu. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, “Ka shiga, tana ta tambayarka.”

Na durƙusa a gaban gadon Inna na ce, “Inna, ya jiki?”

Ta ce, “Da sauƙi.”

Karon nan ban ce alhamdulillahi na tashi ba. Na ce wa Yaya Hajara ta nuna mini. Ta juya ta a hankali, na ga gyambon kwanciya a bayanta, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Shekara nawa ina karɓar da sauƙin nan a waya ina sa shi a aljihu ina tafiya sayen takalmi. Na fita bayan ɗaki na yi kukan da ban yi a kotu ba.

Yanzu ni nake ɗaga ta, ni nake juya ta duk bayan awa biyu, ni nake wankin zannuwa, Yaya Hajara ta sake buɗe shagonta rabin yini. Da yamma ina koya wa yaran unguwa lissafi, abin da na samu ina tura wa gidajen nan bakwai kaɗan kaɗan ta hannun Dakta Bashir. Babu gwamnatin da ke biyana, kuma sai yanzu na san abin da Mansur yake yi a bayan labulen nan babu kuɗin da zai biya shi. Na tuba ga Allah, na rubuta wa Mansur da Rohana neman gafara sau uku. Ba su amsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. In na ce hassadar ta mutu gaba ɗaya na yi ƙarya. Har gobe ina ƙyashin Mansur, sai dai ba don gidan ko kuɗin ba. Shi akwai wanda ya yi wata huɗu yana juya kai wajen ƙofa yana jiransa.

Ƙannena, ku ji ni da kyau. In kun ga an ba wani abin da ba a ba ku ba, kuka ji ƙirjinku ya yi zafi, ku kira abin da sunansa tun a ranar, kada ku sa masa rigar tausayin wani ko neman adalci yadda na yi. Kada ku riƙe canjin da ba naku ba, ni daga canjin ƙunzugu na fara. Kada ku ci kuɗin mai jinya, don a jikin wanda ke kwance kuke yankarsu. In kuma kuna da marar lafiya a gida, kuka kira ya ce muku da sauƙi, kada ku kashe waya kuna murna. Ku tashi ku je ku ɗaga zanen ku duba.